Darar Kawu Lawali da Takardar "Na Yarda"

Ran Laraba da yamma malaminmu Mushe Habu ya kawo mana baƙo a kulob ɗin ordinatar, wato kwamfuta, na lakwal ɗinmu, makarantar boko ta Tanut. Mu goma sha huɗu ne a kulob ɗin, ordinatar uku, ɗaya ba ta tashi sai an tokare mata gindi da littafi. Sati biyu ke nan samarin ajinmu na cika baki wai za su haɗa wasan salula kafin hutu, sunansu ya kai har Yamai. Nasiru, wanda ya fi kowa murya, ya ce abin ba wuya, ya gani a bidiyo, minti ashirin ake yi. Mushe bai yi musu da shi ba. Ya ce zai kawo mana wanda ya taɓa yi.

Da baƙon ya shigo sai na sunkuyar da kai, don Kawu Lawali ne, ƙanen innata. Na yi ta roƙon Allah kada ya kira ni da sunan gida. Ya dube ni sau ɗaya ya ɗauke kai. Ya aza ordinatarsa bisa tebur, wadda aka ɗaure murfinta da robar tayar keke, sannan ya fito da salula huɗu daga aljihu ya jera su. Babu mai lafiyayyen gilashi ko ɗaya.

Ya ce labarin wasa ɗaya zai ba mu, darar da ya haɗa, wadda ta ci masa shekaru, kuma ta kusa mutuwa a yini ɗaya don wani tsoho ya ƙi taɓa wani ɗan wuri a gilashin salula. Ni ba na iya magana cikin mutane, amma ina da saurin hannu. Abin da ke biye maganarsa ce, yadda na kama ta a kayena, littafin rubutuna.

*

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shara ce. A Damagaram ne, a siber ɗin Maigida Ɗanjuma, shagon da ake biya a hau ordinatar. Wata shida ina bin madannai da tsohon buroshin haƙori, ina zaƙulo ɓawon gyaɗa daga tsakanin haruffa. Daga nan ya ɗora ni kan buga wa mutane takardun neman aiki. Sai a shekara ta biyu ya bar ni na zauna gaban injin da ake haɗa wasa da shi. Kai mai tauna murfin bik ɗin rubutu, Nasiru ko? Daina leƙen bayan tebur, injin ba shi da ƙarfe, ba ya shan mai. Manhaja ce, cikin ordinatar take. Wasu mutane can ƙetare suka yi ta, suka zuba mata abin da mai haɗa wasa ke bukata: yadda abu ke motsi, yadda yake faɗuwa, yadda sauti ke fita. Kamar a ba ka maƙera da zugazugi da guduma, saura kai ka san abin da za ka ƙera.

Ran da muka saka injin, wata doguwar takarda ta fito a gilashi da Faransanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi. A ƙasanta ga wani ɗan akwati an rubuta J'accepte, wato na yarda. Na fara karantawa, Maigida ya make mini hannu.

"Huɗuba za ka yi mana? Danna mu wuce, wutar kuran za ta tafi."

Na danna. Da na sami tawa ordinatar ma haka na danna, ba wanda ya make mini hannu.

A saman irin wannan takarda ana rubuta wanda ake magana da shi: utilisateur final, mai amfani na ƙarshe. Ba wanda ya ƙera abu ba ne, ba wanda ya kai shi kasuwa ba ne, wanda abin ya tsaya a hannunsa yana aiki da shi ne. Maƙeri ya ƙera hauya, ɗan kasuwa ya kai ta kasuwar Gangara, manomi ya saɓa ta ya nufi gona. To manomin. A wajen masu inji, ni ne manomin. A wajen wasan da na haɗa da injin, wanda ya riƙe salula yana bugawa shi ne manomin. Bambancin kawai, manomi in ya sayi hauya tasa ce. A wannan sana'a ba a sayar maka da komai. Izini ake ba ka, lisans, ka yi aiki da abin muddin kana bin sharaɗi. Duk wannan daga baya na san shi, da zafi.

Wasan da na fara haɗawa tseren motoci ne, don da shi kowa ke farawa. Wata huɗu na yi a kansa. Motata tana shiga bango ta fito ta bayansa kamar aljana, direban kuma in ya juya hagu kansa ya tsaya a dama. Da na gyara wannan sai wasan ya yi nauyi, salular da za ta iya ɗaukarsa a duk unguwarmu guda ce, ta wani ɗan dwan, ma'aikacin kwastan. Na nuna wa Maigida, ya buga minti biyu ya miƙo mini.

"Wa ka yi wa wannan?"

Na ce mutane.

"Waɗanne? Faɗi sunan ɗaya."

Na mayar da salular aljihu na koma wajen buroshina.

Dara ta zo mini ne bayan na dawo gida Tanut. Kullum in zan wuce tasha sai na ga dattawa a tsugune, sun haƙa gidaje talatin a yashi, wannan da karare goma sha biyu, wancan da kashin raƙumi goma sha biyu, ga mutum ashirin a tsaye a kansu kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Na ce ga mutanen da na san sunansu. Dokar dara ba ta da yawa: ka jera uku, ka ci ɗan abokin wasanka ɗaya. Na ce sati biyu na gama. Ku yi dariya, ni ma lokacin Nasiru ne.

Gwajin farko a teburin Idi mai shayi na yi shi. Na yi wa ƴaƴan darar launi, ja da shuɗi, suna walƙiya. Idi ya duba ya ce, "Wannan alawa ce?" Na koma na zana kara da kashin raƙumi. Kwana uku na yi ina zanen kashi ɗaya, na ajiye na gaske bisa tebur ina kallo, har matata ta fara tambayar ƴan'uwana ko lafiya. Sai maganar yatsa. Ku dubi babban yatsan mai jan guga a rijiyoyin nan namu: in ya nufi gida ɗaya, uku yake taɓawa. Na faɗaɗa gidajen. Sai rana, don abin da ke da kyau cikin ɗaki a tsakar kasuwa ba a ganinsa. Sai fasasshen gilashi. Shi ya sa nake yawo da waɗannan huɗun, duk wasan da bai yi aiki a kansu ba bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni wuya saurin na'urar. Mutum ya yi minti biyar yana tunani ya ajiye ɗansa, kafin ya ɗauke yatsa ta rama. Wani dattijo ya ce wannan rashin kunya ne, ko jikansa ba ya yi masa haka. Dole na sa ta riƙa yin jim kamar mai tunani, alhali ta daɗe da sanin abin da za ta yi. Wata guda cur ina koya wa ordinatar ladabi.

Sai kuma ku san yadda wasa ke isa hannun mutane a nan. Masu rubuta waccan takarda suna zaton kowa na zaune bisa kujerarsa da salularsa shi kaɗai, rezo, wato sabis ɗin waya, cike, ya shiga kantin intanet ya sauko da wasa, ya karanta, ya yarda. A nan kuwa, ran kasuwa mutum zai miƙa wa Sale mai caji salula da safe, ya ce a cika ta da wuta, a zuba mata wa'azi da waƙa da wasa, ya wuce wajen awaki. Sale ke turawa daga salula zuwa salula, Sale ke dannawa. A sanina babu mahaluƙin da ya ɗauki alkawari da kamfanonin duniya kamar Sale, ga shi Faransancinsa bai wuce bonjur ba. Salular kuma in ta koma ƙauye ta gida ce. Maigida da safe, uwargida da rana, ƙane in za shi rijiya, maƙwabci in tasa ta mutu.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta biyu da fara dara. Wata safiya na buɗe injin ya ƙi buɗuwa. Masu shi sun canza sharaɗi: daga yanzu sai ya riƙa gaisawa da su ta intanet a kai a kai, kuma wanda zai fitar da wasa ga jama'a sai ya ɗauki babban lisans irin na kamfani. Aikina na wata goma sha takwas yana ciki, ina ganin sunansa, ba ni da ikon taɓa shi, kamar hatsinka a rumbun wani. Na hau tudun da rezo ke kamawa, na rubuta musu cewa ba haka muka yi ba. Amsa ta zo cikin ladabi: haka muka yi, duba sashe kaza, ka yarda muna iya canza sharaɗi duk ran da muka ga dama. Na duba. Yana nan daram. Shekarar nan gyaran salula na koma, ina canza gilashi da bakin caji.

Wani kamfani a Yamai ya fitar da ni, ko in ce ya canza mini rami. Wasannin gargajiya suke nema. Wata madam mai kirki ta ce za su sa ni ƙarƙashin babban lisans ɗinsu, injin ya buɗe, in ƙarasa dara. Sharaɗinsu biyu. Wasan zai ɗauki tasu takardar, shafi goma sha ɗaya, kowane mai bugawa ya danna da kansa. Sannan in nuna musu mutanen ƙasarmu ta Damargu suna buga ta da gaske, in ba haka ba su sake rufe injin.

Na ƙarasa ta cikin wata takwas, kuma na san inda zan kai ta. Duk mai buga dara daga Tanut zuwa Tarka ya san Baba Gambo na Belbeji. Tsohon mai sayar da igiya da akala ne, ran kasuwa yana zama ƙarƙashin wata aduwa kusa da wajen raƙuma, kuma an ce rabon da a ci shi tun kafin salula ta shigo ƙasar. In ya buga darata, kowa zai ce a tura masa. In ya ture ta, ko kyauta ba mai karɓa.

*

Nan Kawu ya tsaya ya sha ruwa. Na lura Nasiru ya cire murfin bik daga baki ya ajiye, duk ya tattauna shi ya baje. Kawu ya gyara salulolin nan huɗu har suka daidaita da bakin tebur, sannan ya ci gaba.

*

Na isa da hantsi, na gaida Baba Gambo, na ajiye goro. Ya miƙo salularsa, wata ƴar baƙa da aka ɗaure da zaren kaba, na tura mata darar. Takarda ta fito. Na ce, "Baba, taɓa nan."

"Mene ne nan?"

"Cewa za ka yi ka yarda."

"Da me?"

"Ba komai, Baba, al'ada ce kawai. Kowa dannawa yake ya wuce."

Ya dube ni ta saman goron da yake ɓarewa. "Ɗana, na haura saba'in. Ko igiyar jaki ban taɓa cewa na yarda ba sai na ja ta na ji. Karanta."

"Da tsawo, Baba."

"Kasuwa ba ta watse ba."

Ya aika a kira shaidu, don a wajensa ba a ƙulla magana ba shaidu. Aka zo da Buba, wani Bafillace da ya kawo bijimai, da Ilyasu dillalin raƙuma, Babarbare. Kafin in gama shafin farko mutum talatin sun kewaye mu, har mai fura ta sauke ƙwaryarta. Ina karanta Faransanci ina juya musu.

Na ce sashe na ɗaya, ba a sayar maka da wasan nan ba, ba naka ba ne, an dai ba ka izinin amfani da shi.

Buba ya gyaɗa kai. "A, wannan mun san shi, habbanaye ne. In ba ka saniya aro, ka kiwata, ta haihu, ka riƙe maruƙan ka maido mini uwar. To nan maruƙa nawa ake riƙewa?"

"Babu maruƙa."

"Nono fa?"

"Kana dai bugawa."

"Wutar da take ci, wa ke saye?"

"Kai."

Buba ya jingina da sandarsa. "Wallahi ko Babarbare ba zai yi mini haka ba."

"Rufe mana baki, bawana," in ji Ilyasu. "Kai da ko sandar nan aro ce."

Na ce sashe na uku, izinin na mutum ɗaya ne. Ba za ka ba wani ba, ba za ka ara wa wani ba, ba za ka tura wa wani ba.

Baba Gambo ya ɗaga salular. "Wannan da kake gani, mutum tara ke da ita, ni dai nake kwana da ita. In Malam Isa maƙwabcina ya ce ara mini in buga, in ce masa me?"

"Ka ce takarda ta hana."

"Mutumin da ya yi wa babana wanka? In ce masa takarda?"

Na wuce da sauri. Sashe na biyar, ba za ka buɗe cikin wasan ka ga yadda aka yi shi ba. Buba ya ce akuya ma ana buɗe bakinta a duba haƙori. Sashe na shida, an ba ka shi yadda yake. In ya ƙi aiki, in ya lalata maka salula, in ya jawo maka wata asara, ba ruwan masu shi, kuma ba su ce yana da kyau ba.

Ilyasu ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa. "Sake karanta nan."

Na sake.

"Subhanallahi. Shekara talatin ina dillancin raƙuma ban kai nan ba. Wane ne ya rubuta? Ɗan albarka, kwafe mini shi a takarda, akwai wata taguwa mai tari da ta ƙi fita."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, na ce ko abin zai wuce a haka. Sai muka zo sashe na tara. Na so in tsallake shi, amma Baba yana bin yatsana da ido. Na ce masu wasan na iya canza duk abin da ke cikin takardar nan ran da suka ga dama.

"Bayan an shafa fatiha?"

"E, Baba."

"Ba su kira ni ba, ba su kira Buba da Ilyasu ba?"

"E."

"In muka saɓa fa, wa zai raba mu?"

Na duba shafin ƙarshe, na faɗi sunan wani gari da ko ni ban san inda yake ba. Wani daga baya ya tambaya ko motar ran kasuwa na zuwa can.

Baba ya tauna goro, ya ce, "Kai, ɗana, ka taɓa yarda da irin wannan?"

Na ce na taɓa.

"Ka karanta?"

"A'a."

"Me ya faru?"

Na gaya masa, a gaban mutum talatin, labarin injin da ya rufe da shekarar gyaran salula. Ya saurara har ƙarshe.

"Kai da ka yi lakwal," ya ce. "Ka faɗa rijiya, ka fito, ka ɗauko ta a ka ka kawo mana Belbeji." Ya juya salular sama da ƙasa. "Ina wurin da ake taɓawa in mutum ya yarda da rabi?"

"Babu."

"Ina inda zan faɗi nawa sharaɗin?"

"Babu, Baba."

"To ashe ba yarjejeniya ba ce, shela ce. Ban yarda ba. Cire mini ita."

Ya share yashi da tafin hannu, ya haƙa gidaje talatin, ya ce wa Buba ya zauna ya sha kashi. Ko allon darata bai gani ba.

Da ban karanta ba, da Sale ya danna wa kowa kamar kullum, da an yi ta bugawa. Yanzu kuwa kasuwa gaba ɗaya ta ji. Sati uku ina zagayawa, Belbeji, Tarka, Gangara, labarin ya riga ni isa. Duk wanda na nufa sai ya ɓoye salula a aljihu ya ce, "Kai ne mai sashe na tara?" Wata mai ƙosai a Tarka ta miƙo mini ƙonanne ta ce yadda yake aka ba ni shi, ba ruwan mai shi.

Na hau tudu na kira madam ɗin Yamai, na ba ta labari. Ta yi dariya har ta ƙware. Na ce a rage takardar, ko a cire sashe na uku da na tara. Ta ce lauyoyi suka rubuta, ko ɗigo ba a taɓawa, kuma duk duniya haka ake yi ba wanda ya taɓa kuka. Sannan ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, "Amma Malam Lawali, me ya kai ka karanta musu?"

Zaɓi biyu ya rage. In zauna da kamfani, ga inji ga lisans, ba mai bugawa. Ko in bar su, su rufe injin da aikina a ciki, in faro daga share fili. Na bar su. Akwai wata manhajar da masu ita suka sake ta ga kowa, takardarta ba ta kai tafin hannu ba, ta ce ka yi aiki da ita, ka ba wanda ka so, ka dai bar sunan waɗanda suka yi ta. Wannan karon sau huɗu na karanta, har na sa wani malamin Faransanci ya sake karanta mini. Ba ta da daɗin aiki kamar waccan, abin da can danna ɗaya ne nan sai ka rubuta layi ashirin. Shekara guda na ƙara. Da rana gilashi da bakin caji, in kasuwa ta yi sanyi in buɗe ordinatar. Kashin raƙumin ma sai da na sake zana shi, don na farkon ya zama dukiyar kamfani. Yana can Yamai har yanzu, ƙarƙashin lisans.

Aikin ƙarshe shi ne takarda. Ban rubuta komai ba. Na koma gindin aduwa ran kasuwa, na ajiye goro, na ce, "Baba, na zo da dara ba takarda. Kai za ka faɗi sharaɗi, in ɗauki muryarka, duk wanda ya buɗe ta ya ji da kunnensa."

Ya ce a kira shaidu. Buba ya tafi arewa da shanu, aka samu wani Buzu mai sayar da cuku ya tsaya a madadinsa. Baba ya gyara rawani kamar hoto za a ɗauka, ya yi gyaran murya, na kanga masa salula.

"Salamu alaikum. Wannan dara ce. Wanda ya samu ya ba na kusa da shi. In an kira salla a ajiye. Wanda aka ci kada ya jefar da salula, ba laifinta ba ne, kansa ne. Mai kallo ya yi shawararsa amma kada ya sa hannu. Abin da na faɗa yau shi ne gobe. In ka yarda, taɓa. In ba ka yarda ba, ga yashi nan."

Ilyasu ya ce a ƙara sashe na shida, aka ce ya yi shiru.

Da wata kasuwar ta zagayo na kawo ta da muryar a ciki. Baba ya saurari kansa har ƙarshe, ya ce mutumin nan ya yi magana, sannan ya taɓa. Ya ci na'urar sau uku a jere, ya ce tana da ladabi amma ba ta da wayo. Kafin la'asar layin da ke gaban mai cajin Belbeji ya kai wajen masu gishiri.

Kada ku tambaye ni mutum nawa ke buga ta, ban sani ba. Ba kanti, ba rezo, daga hannu zuwa hannu take tafiya. Bara ina jiran mota a Gangara, ga wani mutum a kan buhu yana buga ta, na tsaya ina leƙe. Ya ɗago ya ce, "Malam, ba ka da ita? Kawo salularka in tura maka. A Kano aka yi ta. Har wani babban malaminsu ke magana a farko. Mutanen can ba su wasa da aiki, ba irin namu ba."

*

Kawu ya fara mayar da salulolinsa aljihu ɗaya bayan ɗaya, kamar ya gama. Nasiru ya ɗaga hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Malam, ka gaya masa kai ka yi ta?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

Kawu ya ja robar tayar keke ya ɗaure murfin ordinatarsa.

"Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, 'Allah ya ba ka lafiya.' Sannan ya tura mini."